Yawun Baffa, Sunan Baba

Wana da ke zaune a Turai shi ya kawo mana wannan fitina, kuma da kyakkyawar niyya ya kawo ta, kamar yadda ake kawo yawancin fitinun gidanmu. A can aikinsa a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti ne, yana duba jinin mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Amma tun ranar da hotonsa da farar riga ya zaga Birnin Gwari ya zama Likita. Inna ce ta fi kowa jin daɗin haka, domin ɗan fari ne, dama ba ta faɗin sunansa, sai ga shi ta samu abin kiransa mai tsoka.

Abin da ke damun Likita shi ne zuciyar Baba, kuma ba zan ce ba shi da dalili ba. Kakanmu a gona ya dafe ƙirji ya zauna a gindin dawa, bai sake tashi ba. Goggo, yayar Baba, tana tsakiyar tuƙa tuwon suna ta ce ƙirjinta ya riƙe, kafin a samo mota ta cika. Baba kuwa ya yi shekaru da hawan jini. Gidan mijina yana bayan namu, don haka kowace safiya ta nan nake bi in miƙa masa 'yan ƙwayoyinsa biyu da ruwa, sannan in wuce firamaren da nake koyarwa. Yana sha yana mita, amma dai yana sha.

Wata rana direban da ke jigilar Kaduna ya aiko min da wani ɗan kwali, wai wani ne ya zo da shi daga wurin Likita. A lokacin hanyar nan ta daji mutum da addu'a yake shigarta, in ya fita lafiya ya yi sadaka. Mutane na tunanin yadda za su kai gobe, shi wana yana can yana lissafin abin da zai sami zuciyar Baba nan da shekara goma. Na buɗe kwalin na tarar da 'yar kwalbar roba mai murfi, da takarda cike da ƙananan rubutu, da leda. Ko turare bai haɗo da shi ba.

Sai ga saƙon murya ya biyo baya. Ya ce Baba zai tofa yawu a kwalbar har ya kai wani layi, in rufe, in rubuta sunansa a jiki, in mayar ta hanyar da ta zo. Akwai kamfanin da zai duba ƙwayoyin halittar da mutum ya gada daga iyaye da kakanni. A cikinsu akwai 'yan alamomi barjat, wata ta ɗan ƙara haɗarin ciwon zuciya, wata ta ɗan rage. Sai su tattara su duka su ba mutum maki, su ce haɗarinsa ya fi na yawancin mutane, ko yana tsakiya, ko yana ƙasa. Ni malama ce, maganar maki ba baƙuwata ba ce. Na ce a raina, to, yawu ne kawai, me zai gagara?

Ranar Asabar da hantsi na kai kwalbar. Na tarar da Baba a rumfar ƙofar ɗakinsa, shi da Baffa, sun gama karin kumallo a kwano ɗaya kamar kullum. Na durƙusa na gaishe su, na yi bayani dalla-dalla. Baba ya karɓi kwalbar ya juya ta, ya ɗaga ta sama ya leƙa, ya ajiye a kan tabarma.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, haka su biyun suke kirana. "Wato yaron nan ya yi karatu ya kai matsayin da zai aiko ubansa ya tara masa yawu a kwalba?"

"Don lafiyarka ce, Baba."

"Lafiyata tana hannun Allah. Ni da in aka yi min aski nake sa a tattara gashin a binne, ni zan ɗauki yawuna in ba jirgin sama?"

Wannan fa mutumin da in azumi ya zo babu katangar da ke tsira daga tofinsa tsakanin gida da masallaci. Yawun da yake rabawa kyauta a titi, yau ya zama dukiyar da ba ta fita ƙasar waje. Na daure na yi ta lallashi har ya fara saukowa. Sai na yi kuskuren karanta masa sharaɗin da ke jikin takardar: kada mutum ya ci komai, ko ya tauna komai, rabin awa kafin ya tofa. Baba ya dubi goron da ke hannunsa, ya dube ni. Rabin awa ba goro! Nan take ya koma kan kujerar naƙi, ya kafe.

Dole in tsaya nan in faɗi ko wane ne Baffa, domin in ba a san shi ba, ba za a gane wautar da na yi ba.

Baffa ƙanen Baba ne. Haka ake faɗi a gidanmu, haka ake faɗi a unguwa, kuma wanda yake son zaman lafiya haka zai faɗa. Baba gajere ne, kakkaura, baƙi, mai faɗin ƙirji. Baffa dogo ne siriri, mai haske, mai dogon hanci, ba ya cin goro, ba ya ɗaga murya. Ba wanda ya taɓa lura da wannan bambanci a gidanmu, mun haɗu mun makance gaba ɗaya. Ni kakarmu ce ta gaya min labarin da bakinta, ina 'yar shekara goma sha biyu, muna ɓarar gyaɗa. Ta ce tana da ƙawa Bafulatana mai kawo mata nono daga rugarsu da ke wajen Kutemeshi. Ƙawar ta rasu wurin haihuwa, ita kuma kakarmu ba ta daɗe da binne jaririyarta ba, nono na zuba. Sai uban yaron ya kawo shi a naɗe cikin zane, ya ce in damina ta dawo zai dawo. Ya kora shanunsa ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta gama ba ni labarin ta ce, "Kin ji, kin kuma manta." Na ce to.

Kowa a gidan an gaya masa, kowa ya manta. Mutum ɗaya ne ya taɓa tunawa da ƙarfi, wani abokin Baba na ƙuruciya, da ya ce cikin wasa, "Ina Bafulatanin gidanku?" Baba ya yi shekara ashirin ba ya amsa sallamar mutumin nan. Ko jana'izarsa bai je ba, Baffa ya tura.

Wannan shi ne abu na biyu game da Baffa: shi ne wakilin Baba. Ɗaurin aure a Randagi, Baffa. Ta'aziyya a ƙauye mai nisa, Baffa. Taron unguwa, rabon taki, sulhu tsakanin manomi da makiyayi, duk Baffa. Ko auren Inna, an ce shi ya je ya karɓo wa Baba. In ka tambayi Baba me ya sa bai zo ba, sai ya ce, "Ba ka ga ƙanena ba? To ka gan ni."

Don haka da gardamar kwalba ta yi tsawo, Baffa ya yi abin da ya saba yi shekara sittin. Ya miƙo hannu a hankali ya ɗauki kwalbar.

"Uwata, kada ki ɓata ranki. Kawo in tofa masa. Ni da Yaya ai duk ɗaya ne."

Fuskar Baba ta washe. "Madalla. Ga wakilina nan."

Na ce, "Baba, ba a wakilci a wannan. Kowane mutum da nasa. Ni da Likita ma ba za mu sami maki ɗaya ba."

Baba ya daina tauna goro. Ya kafa min ido, irin kallon da na san tarihinsa. "Nono ɗaya muka sha," ya ce. "Akushi ɗaya muka ci, tabarma ɗaya muka kwana. Me ya rage da kike son ki faɗa?"

Na lura tun ina yarinya, Baba bai taɓa cewa ciki ɗaya ba. Ba ya ƙarya, zagaye ta kawai yake yi, ya kuma sa kowa ya bi sawunsa. Na dubi Baffa, ya sunkuyar da kai yana kallon kwalbar. Duk abin da zan ƙara a nan, ko na kimiyya ne, a kunnensu maganar nan guda ɗaya ce za ta zama. Na ce, "Babu komai, Baba."

Baffa ya juya mana baya saboda kunya, ya yi ta fama har yawu ya kai layi. Ni kuwa, malamar da in ta kama yaro yana rubuta wa ɗan'uwansa jarrabawa sai ta kai shi gaban hedimasta ta kira iyayensa, na ɗauki biro na rubuta sunan Baba ɓaro-ɓaro a jikin yawun Baffa. A takardar akwai wurin da aka tambayi asalin mutum. Zaɓin da suka bayar bai wuce 'yan kaɗan ba, kuma mu duka, Hausawa da Fulani da Gbagyi da duk wanda rana ta taɓa ƙonawa daga nan har bakin teku, akwati ɗaya suka zuba mu. Na sa alama a ciki, na ce ko ba komai a nan ban yi ƙarya ba. Ban gaya wa Likita ba. Na ɗauka takarda ce za ta zo, ya ji daɗi, a jefa ta a ƙarƙashin katifa.

Bayan kamar wata biyu sakamako ya fito. Likita ya turo hotonsa da saƙon murya mai tsawo, na kunna wa Baba a rumfa, Baffa na gefe. Rabin farko ya ce alhamdu lillahi, makin Baba ya nuna haɗarinsa na gado yana ƙasa da na yawancin mutane. Rabi na biyu ya ce amma a yi hattara. Ya ce wannan ma'auni da jinin Turawa aka fi gina shi, mutanenmu kaɗan ne a cikin waɗanda aka bincika, don haka a kanmu yana iya yin kuskure. Ya ce kamar tela ne da ya auna mutanen wani gari ya ɗinka wa na wani garin riga. Ya ce makin bai san gishirin miyar Inna ba, bai san hawan jini ba, bai san yadda Kaka ya rasu ba. Ya ce, sau uku, kada a daina shan magani.

Baba yana da wata baiwa a kunne: yana jin abin da yake so, sauran ya wuce ta sama. Rabin farko ya shiga ya zauna. Rabi na biyu ko ƙofa bai samu ba.

Washegari ya sa aka buga takardar a shagon masu kwamfuta, aka manne ta cikin leda mai tauri, ya sa a aljihun gaba. Da la'asar ya kai ta majalisarsu ta gindin mangwaro. Ba ya karanta Turanci, abokansa ma haka, amma akwai wani zane mai launin kore da 'yar kibiya a ƙasa, wannan ya wadatar. Mutumin da ya ce ba zai ba jirgin sama yawunsa ba, yanzu shi ke bayanin yadda Turawa suka zauna suka duba jinin gidanmu suka sara masa. Wani ya tambaya, ashe ya yarda ya tofa? Ya ce, "Ƙanena ya tofa. Jini ɗaya ne." Kowa a majalisa ya ce haka ne, haka ne. Su ma an gaya musu, sun manta.

Da safe na miƙa masa ƙwayoyinsa, ya ture hannuna.

"Mai lafiya ba ya shan magani, Uwata."

"Baba, Likita ya ce kada a daina."

"Likita ya fi waɗanda suka koya masa aikin ne? Ga takardarsu."

Na yi roƙo, na yi fushi, na haɗa shi da Inna. Inna ta yi nata, ya ce mata ta kula da tukunyarta. Na kira Likita, ya yi ta yi masa bayani a waya, Baba yana cewa to, to, Allah ya yi albarka, ya kashe waya ya ɗauki goro. Abu ɗaya ne zai rushe takardar nan, kuma ina da shi a bakina, amma ban iya fito da shi ba. In na gaya wa Likita, zai faɗa wa Baba kai tsaye, don zaman Turai ya cire masa wannan lalurar ta zagaye-zagaye. Ni kuma na san abin da ya sami mai maganar Bafulatanin gida.

Takardar ba maganar zuciya kaɗai ta yi ba. A shafi na biyu akwai wasu ƙananan bayanai, ciki har da cewa mai wannan yawu cikinsa na karɓar ɗanyar madara lafiya lau. Wani ɗalibina na da, da ke sayar da katin waya kusa da majalisa, shi ya karanta musu wannan. To, duk Birnin Gwari an san Baba da madara ba sa ga maciji. Fura da nono mai tsami yana sha, amma in ya kurɓi madarar da aka tatso yanzu, ranar nan ba shi da aboki sai buta. Baffa kuwa tun yana yaro yake shanye ƙwarya guda ya lashe baki. Na ce alhamdu lillahi, ga hujja ta zo da ƙafarta.

Ina! Baba ya aika aka sayo madara daga ruga, ya zauna a tsakar gida ya shanye kofi biyu a gabanmu, yana kallona. Ya wuni yana zarya tsakanin rumfa da bayan gida. Da Inna ta tambaye shi, ya ce wake ya ci jiya. Mun yi dariya a madafa har da hawaye, ni da ita. Amma da na koma gida dariyar ta ɗauke, domin a ranar na gane Baba ya san komai. Ya san takardar ba tasa ba ce. Ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa jini ɗaya ne, kuma a wurinsa duk ƙwayar maganin da zai haɗiya daga ranar, janye wannan magana ce. Ya gwammace cikinsa ya murɗa, ya gwammace jininsa ya hau, da a ce ya yarda yawun ƙanensa ba nasa ba ne. Na ji haushinsa ƙwarai, na kuma ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Haka muka ci damina. Ƙwayoyin na nan a kan taga cikin gwangwani, ina zuwa kowace safiya in miƙa, yana turewa. Wani lokaci ina ganin yana dafe ƙeya, ko ya tsaya a tsakiyar tsakar gida yana maida numfashi. In na yi magana sai ya taɓa aljihun gaba. Baffa ya rame a wannan damina. Sau biyu yana tare ni a zaure kamar zai ce wani abu, sai ya tambaye ni lafiyar yara.

Da kaka ta yi, Baba da Baffa suka tafi gonarmu ta wajen Gayam yankan dawa. Mutane sun ɗan samu sararin zuwa gona a lokacin, ana fita da sassafe a dawo kafin azahar, ba a yarda yamma ta riski mutum kusa da daji. Ina aji ina koyar da lissafi aka zo aka kira ni. Baba ya ɗaga dami zai aza a kai, ya ce ƙirjinsa, ya durƙushe. Baffa ya warware rawaninsa, ya ɗaure shi a bayansa kamar goyo, ya hau babur ya biyo wannan hanya mai ramuka har cikin gari. Dattijo mai shekara sittin da wani abu, ɗauke da wanda ya fi shi nauyi. Da na isa asibiti na tarar da shi a tsaye a baranda, rigarsa sharkaf da gumi, ya ƙi zama.

Allah ya sa da sauran kwana. Kwana biyu Baba bai san inda yake ba, a na uku ya farfaɗo har ya nemi goro aka hana shi. Da yamma likitan da ke duba shi, wani matashi mai haƙuri, ya zo ya tsaya a bakin gado. Ni da Inna da Baffa muna nan, ga kuma mutum biyu daga majalisa sun zo dubiya. Likitan ya tambaya wane magani yake sha na hawan jini. Na ce ya daina. Ya ce saboda me?

Baba, da hannunsa mai allurar ƙarin ruwa, ya nuna rigarsa da ke rataye. Inna ta ciro takardar ta miƙa. Likitan ya karanta, ya juya bayanta, ya ce, "Baba, wannan ba ta ce ba za ka yi ciwo ba. Hasashe ne kawai, kuma a kan irinmu ba ta cika daidai ba. Ga shi ma sun rubuta a ƙasa." Baba ya rufe ido. Na san wannan rufe idon: yana jira yaro ya gama surutu ne ya maida takardarsa aljihu.

Sai Baffa ya matso. Ban taɓa jin ya katse maganar wani ba sai ranar.

"Likita, ba ni takardar nan. Tawa ce."

Likitan ya dubi sunan da ke sama, ya dube shi.

"Sunan nasa ne, yawun nawa ne," in ji Baffa. Ya juya ga Baba, muryarsa ba ta tashi ba. "Yaya, ka yi haƙuri. Innarmu ta shayar da ni, amma ba ita ta haife ni ba. Ubana ba ubanka ba ne. Na sani tun ina kiwon awaki, kai ma ka sani, waɗannan ma sun sani. Abin da ya kashe ubanka da yayarka yana jikinka, ba ya jikina. Ka sha maganinka."

Mutanen majalisa suka shiga kallon silin kamar an rubuta musu wani abu a can. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Likitan, da bai san ya taka tsakiyar shekara sittin ba, ya miƙa wa Baffa takardar ya ce zai dawo. Baba ya juya fuskarsa bango. Na ga kafaɗarsa na motsi, ban taɓa ganin haka ba, na fita baranda na yi nawa kukan. Kunya ce ta fi yawa a ciki. Maganar da ta gagare ni wata shida, ni mai ilimi, mai biro, mutumin da ta fi yi wa ciwo shi ya faɗe ta.

Washegari da safe na miƙa wa Baba magani, bai ko dube ni ba. Baffa ya karɓa daga hannuna ya miƙa masa. Ya daɗe yana kallon tafin hannun, sannan ya ɗauka ya haɗiye. Ya ce, "Ruwa, ƙanena." Daga ranar aka sauke ni daga muƙamina. Kowace safiya Baffa ke ba shi, kuma ba a sake tayar da maganar asibiti ba. An faɗa, an ji, an sake mantawa, sai dai wannan karon ana shan magani.

A makon nan na gaya wa Likita gaskiya. Ya yi min faɗan da tun ina 'yar firamare bai yi min irinsa ba, kuma na san na cancanci faɗan. Ya ce abin da ake kuka da shi ke nan, bayanan mutanenmu sun yi kaɗan, ga shi ɗan kaɗan ɗin ma mun aika musu na bogi. Ya rubuta wa kamfanin ya ce a goge komai, a zubar da abin da ya rage a kwalbar. Suka amsa masa cewa sun yi. Ya ce zai aiko da sabuwar kwalba. Na ce in ya aiko, ya biyo ta ya tsaya a kan Baba da kansa. Bai aiko ba.

Baba ya ƙara damina biyu. Bai koma gona ba, amma ya ga auren autarmu, ya yi wa jikoki biyu huɗuba. Wata safiya bayan ya karya, ya sha maganinsa, ya ce zai ɗan kishingiɗa. Baffa na zaune kusa da shi yana gyara igiyar guga. Zuciyar da aka gyara ta yi iya abin da za ta iya. Likitoci sun ce watannin da ya yi ba magani sun yi mata illa, kuma ba sai sun gaya min wanda ya rubuta suna a jikin kwalba ba.

Bayan an yi arba'in na shiga gida da safe, don ƙafata ta saba. Na tarar da Baffa a rumfa shi kaɗai, kwanon koko a gabansa, ludayi biyu a ciki, Inna ba ta daina sa biyu ba. Ya ciro takardar nan daga aljihun gaba. Ledar ta fara ɓarewa a gefe. Ya ce in nuna masa inda sunan yake. Na ɗora yatsana a kai, ya daɗe yana kallon haruffan da ba ya iya karantawa.

"Uwata, waccan kwalbar da muka aika. Suna ajiye irinta?"

"Suna ajiyewa, Baffa."

"Da sunan Yaya a jiki, da yawuna a ciki?"

Na san amsar. Na san ranar da aka goge, na ga saƙon da idona. Na kuma san abin da shiru ya jawo mana a gidan nan, ni ce shaida ta farko. Na dubi dogon hannunsa a kan takardar.

"Haka take, Baffa. Tana can."

Ya gyaɗa kai, ya maida takardar aljihu, ya tura min kwanon da ludayi ɗaya. Na zauna a inda Baba yake zama, muka sha.